Cin baozi a ƙaramin shago a ƙasar Sin: amsa ga ɗan kasuwar da zai je Guangzhou

Ɗan'uwa, ka ce za ka je Guangzhou sarin kaya a karon farko, kuma waɗanda suka riga ka zuwa sun ba ka labarin wasu ƙananan shaguna da ke sayar da wani farin burodi mai laushi da ake turarawa da nama a cikinsa. Kana so ka san ko Musulmi zai iya ci, da yadda ake saye idan mutum ba ya jin Sinanci, da kuma ko gaskiya ne ana cusa kwali a ciki a madadin nama. Amsata a taƙaice ita ce ka ci, domin yana cikin abinci mafi arha kuma mafi riƙe ciki da za ka samu a ƙasar, amma shagon za ka fara zaɓa tukuna kafin ka kai ga zaɓen abin da ke cikin kwando. Wanda ya fara da tambayar irin naman da ke ciki ya riga ya tsallake matakin da ya fi muhimmanci, kuma zan bayyana maka dalili.

Sunan abincin baozi, kuma idan ka taɓa cin alkubus ka riga ka san rabinsa: kwaɓin fulawa ne da yis, a bar shi ya tashi, sannan a dafa shi da tururi. Bambancin shi ne kwaɓin baozi ya fi tauri, ana murza shi ya yi faɗi kamar tafin hannu, a zuba haɗin nama ko ganye a tsakiya, a tattare bakinsa a naɗe daga sama, sannan a jera a kwandon gora a ɗora a kan tukunyar ruwa mai tafasa. Wanda babu komai a cikinsa shi ake kira mantou, kuma shi ne abincin yau da kullum a arewacin ƙasar, inda alkama ta fi shinkafa yawa, musamman a lardunan Henan da Shandong da Hebei. Sinawa suna da tatsuniyar da ke jingina ƙirƙirarsa ga Zhuge Liang, mashawarci kuma jagoran yaƙi da ya rayu tsakanin shekarar 181 da 234, wai shi ne ya sa aka yi ƙulle-ƙullen kwaɓi da nama masu siffar kan mutum aka jefa a kogi domin a daina sadaukar da mutane. Wannan labari ne na baka da ake jin daɗin faɗa, amma abin da rubuce-rubuce suka tabbatar shi ne cewa a zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, shagunan baozi sun riga sun zama sanannu a manyan birane irin su Kaifeng da Hangzhou. Ke nan ƙaramin shagon da za ka tsaya a gabansa sana'a ce da ta yi kusan shekara dubu tana tafiya kusan a siffa ɗaya.

Irin wannan shago ba shi da girma, sau da yawa faɗinsa bai wuce na ƙofar gareji ba. A bakin ƙofa za ka ga kwandunan gora ko na ƙarfe an ɗora su bisa juna sun yi tsiri, tururi na tashi daga samansu, a ciki kuma tebur uku ko huɗu da ƙananan kujeru marasa jingina. Yawanci miji da mata ne ke riƙe da shi, sukan tashi tun kafin asuba su yi kwaɓi, domin kasuwarsu ta safe ce: daga misalin ƙarfe shida zuwa tara ake cin mafi yawan abin da za su sayar a ranar. Ma'aikata da 'yan makaranta sukan saya a leda su wuce suna ci a hanya, tsofaffi kuma su zauna su haɗa da madarar waken soya mai zafi, ko kunun shinkafa, ko ƙwai da aka dafa cikin ruwan shayi da kayan ƙamshi. Babu mai kallon wannan wuri a matsayin na talaka kaɗai. A watan Disamba na 2013 shugaban ƙasar, Xi Jinping, ya shiga wani reshe na shagunan Qingfeng a Beijing, ya bi layi, ya biya yuan 21 ya ci baozi shida da wasu 'yan abubuwa, kuma bayan haka mutane suka yi ta tururuwa zuwa reshen suna neman irin abin da ya ci.

Yanzu ga maganar halal, wadda ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A wurin mafi yawan Sinawa, idan aka ce nama kawai ba a ƙara komai ba, naman alade ake nufi. Don haka duk baozin da aka rubuta masa 肉包, wato mai nama, na alade ne, kuma manyan sunayen da za ka ji ana yabo duk a kansa suka yi suna, tun daga Goubuli na birnin Tianjin da aka kafa a 1858 har zuwa cha siu bao, wanda shi ne ya fi shahara a Guangzhou ɗin da za ka je, kuma cikinsa gasasshen naman alade ne mai zaƙi-zaƙi. Wannan kowa yana iya kauce masa cikin sauƙi. Inda mutanenmu suke faɗawa shi ne inda suke zaton sun tsira, wato su nuna mai ganye, ko mai zaƙi, ko mai naman sa, a shagon da ba na Musulmi ba.

Mai ganye da farko. Ganye shi kaɗai ba ya da maiƙo, kuma mai sana'ar da ke son haɗinsa ya yi santsi da ƙamshi yakan zuba masa kitsen alade da aka narkar, wasu ma har da ɓarɓashin da ya rage bayan an soye kitsen. A wurinsa wannan bai hana abin zama na ganye ba, kuma idan ka tambaye shi ko akwai nama zai ce maka babu, da zuciya ɗaya, domin shi bai ɗauki kitse a matsayin nama ba. Mai zaƙi kuma, wanda ake cika shi da niƙaƙƙen jan wake da sukari, ko da baƙin riɗi, a al'adance da kitsen alade ake soya haɗinsa don ya yi laushi ya kuma daɗe bai bushe ba. Shi kansa kwaɓin bai tsira ba, domin masu yi da yawa sukan murza ɗan kitse a cikinsa, saboda yana sa fatar burodin ta fito fara tas tana sheƙi. Mai naman sa kuwa matsalarsa biyu ce: babu wani dalilin ɗauka cewa yankan Musulmi ne, sannan haɗin nama a girkin Sinawa kusan kullum ana zuba masa giyar girki da ake yi da shinkafa, irin ta garin Shaoxing, don kashe ƙarni, kuma akan gauraya naman sa da kitsen alade saboda naman sa yana bushewa a tururi. Bayan duk wannan akwai kwandunan da kansu. Tun da an jera su bisa juna, tururi ɗaya ne ke ratsa su daga ƙasa zuwa sama, maiƙon da ya tsattsafo daga na sama yana ɗiga a kan na ƙasa, ƙyallen da aka shimfiɗa a gindin kwando ba a ware na nama daban da na ganye, kuma awartaki ɗaya ake ɗaukar kowane iri da shi. Hukuncin wannan cuɗanya na malamai ne, amma yadda abin yake faruwa a zahiri ke nan, kuma na ga ya kamata duk wanda zai kai tambaya wurin malami ya kai ta da cikakken bayani.

Mafita tana nan kuma ba ta da wahala, domin ƙasar Sin tana da Musulminta na asali da suka yi ƙarnuka suna wannan girki da nasu ƙa'idojin. Ƙabilar Hui kaɗai ta haura mutum miliyan 11 a ƙidayar 2020, ban da 'yan Uyghur da Dongxiang da Salar da sauransu. Alamar abincinsu haruffa biyu ne, 清真, ana furta su kusan kamar "cing-jan", kuma ina ba ka shawara ka adana hotonsu a wayarka ka haddace siffarsu kafin ka hau jirgi. A da akan rubuta kalmar halal da Larabci a gefensu, amma daga wajejen 2018 da 2019 hukumomi sun sa an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna a garuruwa da dama, saboda haka wanda ya tsaya neman Larabci zai iya wuce shagon Musulmi bai sani ba. Allon yakan zama kore, masu aiki maza da fararen huluna, mata da ɗankwali ko mayafi, kuma a bango akan rataye takardar shaida daga hukumar da ke kula da harkokin ƙabilu ko daga ƙungiyar Musulunci ta yankin. Ka yi sallama idan ka shiga, za a amsa maka. Shagunan ba su zama ɗaya ba wajen tsanani, domin a manyan biranen gabas za ka iya tarar da mai wannan alama yana sayar da giya ga abokan cinikinsa da ba Musulmi ba, amma waɗanda mutanen Gansu da Qinghai da Ningxia ke riƙe da su galibi ba sa yarda da haka. Ka kuma kiyaye wata ƙa'ida tasu: ba a shiga musu da abincin da aka sayo a wani wuri, ko da kai ka san halal ne, domin da wannan suke kare tsarkin kwanukansu.

A Guangzhou ba za ka sha wahalar nema ba. Unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka da yawa suke sauka, tana da gidajen abincin Musulmin arewa maso yammacin ƙasar, haka ma kewayen masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, wanda yana cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar. Kusa da can, a kan titin Zhongshan na shida, akwai tsohon gidan abincin nan Huimin Fandian, wanda ke yin ƙananan abincin safe irin na mutanen Guangdong ba tare da alade ba. Shagunan taliyar naman sa ta Lanzhou, da za ka gani kusan a kowane titi, mafi yawansu Musulmi ne daga lardin Qinghai ke gudanar da su, sai dai ba dukkansu ne ke yin baozi ba, don haka ka duba ko akwai kwanduna a bakin ƙofa. Idan harka ta kai ka Yiwu, can ma gidajen abincin Musulmi suna da yawa saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Asiya ta Tsakiya. Idan kuma ta Hong Kong ka bi, akwai ɗakin cin abinci a cibiyar Musulunci da ke masallacin Ammar a unguwar Wan Chai. A wurin da babu Musulmi sam, abin da ya fi kusa da aminci shi ne gidan abincin mabiya addinin Buddha masu ƙaurace wa nama gaba ɗaya, domin su ba sa amfani da kitsen dabba ko kaɗan, kuma baozinsu na ganye da laimar kwaɗi irin wadda ake ci da awara yana da daɗi ƙwarai.

Kada ka ɗauka na Musulmin wani maneji ne da mutum zai yi saboda dole. A ganina baozin naman rago da karas na mutanen arewa maso yamma ya fi yawancin na sauran shaguna ɗanɗano, saboda yadda suke sarrafa naman. Sukan jiƙa wani ɗan yaji da ake kira huajiao a ruwan zafi, sai su riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan a niƙaƙƙen naman suna juyawa ta fuska ɗaya ba tare da sun sauya hannu ba, har naman ya shanye ruwan ya yi danƙo. Wannan ruwa shi ke kashe ƙarnin rago, kuma shi ne ke komawa romo idan tururi ya ratsa, shi ya sa idan ka gatsa mai kyau sai ka ga ruwa ya biyo hannunka. Na naman sa da albasa mai lawashi shi ne ya fi yawa, kuma da shi nake ba baƙo shawarar farawa. Akwai na ƙwai da wani ganye mai kamar lawashi amma ƙamshinsa ya fi kusa da tafarnuwa, wanda ake kira jiucai, yana da daɗi sai dai warinsa yakan daɗe a baki, don haka ba na ranar da za ka zauna ciniki da mai masana'anta ba ne. A gidajen 'yan Uyghur kuma za ka tarar da iri biyu: mai siririyar fata da ba a sa wa yis, cike da naman rago da albasa da masoro, da kuma wanda ake gasawa a jikin tanda, wanda su ke kira samsa.

Akwai wani iri da ya kamata ka san shi daban, wato mai romo a ciki. Wanda duniya ta fi sani shi ne xiaolongbao, wanda asalinsa garin Nanxiang ne a gefen Shanghai tun ƙarni na 19. Yadda ake saka romo a cikin kwaɓi dabara ce mai sauƙi: ana dafa fatar alade har ta narke, a bar romon ya huce ya daskare, a yayyanka shi a gauraya da naman, idan zafi ya taɓa shi sai ya koma ruwa a cikin fatar kwaɓin. Saboda haka ko an ce maka na kaguwa ne ko na kaza, romon daga alade yake, kuma shagunan da ke ɗauke da sunan xiaolongbao na Hangzhou, waɗanda suka cika ƙasar kuma mafi yawan masu su mutanen garin Shengzhou ne a lardin Zhejiang, ba naka ba ne. Musulmin Xi'an suna da nasu, ana kiransa guantang baozi, da romon ƙashin sa ko na rago, kuma gidan Jia San da ke unguwar Musulmin birnin ya yi suna a kansa. Idan ka samu irin wannan kada ka jefa shi baki gaba ɗaya, domin romon yana da zafin da zai saluɓe maka harshe. Sinawa suna da 'yar waƙa game da cinsa, ma'anarta a ɗaga a hankali, a matsar a hankali, a fara buɗe taga, sannan a sha romo. Wato ka kama shi ta wurin naɗin da ke sama, ka ɗora a cokali, ka ɗan huda gefensa da haƙori, ka bari tururin ya fita, ka zuƙe romon, sannan ka tsoma sauran a ruwan khal ka ci.

Da ka samu shagon da ya dace, sauran aiki na ido ne. Tururin da ke ratsa kwandunan ba ya wuce zafin ruwa mai tafasa, wato digiri 100, shi ya sa baozi ba ya yin ɓawo mai launin ƙasa kamar burodin tanda, kuma shi ya sa ba ya iya ɓoye aibinsa. Mai kyau yana da fata mai santsi, cike take ba ta yamutse ba, idan ka danna da yatsa sai ta dawo. Wanda ya yamutse, ko dai kwaɓin ya wuce lokacin tashinsa, ko an buɗe murfi farat ɗaya iska mai sanyi ta buge shi, ko kuma na jiya ne aka sake turarawa. Wanda gindinsa ya jiƙe ya yi laɓo-laɓo ya daɗe a kan wuta yana jiran mai saye. Tsofaffin masu sana'a ba sa amfani da yis na leda, sukan rage wani ɓangare na kwaɓin yau su tayar da na gobe da shi, kuma tun da wannan yana kawo tsami sai su kashe shi da hodar soda. Gwanintar tana wurin auna sodar: idan ta yi kaɗan burodin ya yi tsami, idan ta yi yawa ya yi rawaya yana wari kamar sabulu, idan ta yi daidai kuwa za ka ji ƙamshin alkama da babu shi a na yis. Idan ka ga maiƙo ya ɗan ratso fatar ta yi duhu a wasu wurare kada ka ƙyamace shi, mutanen arewa ma nemansa suke yi, domin alama ce ta siririyar fata da haɗi mai romo.

Ka kuma leƙa ciki ka ga ko ana murza kwaɓi. Shaguna da yawa a yau ba sa yin komai da hannunsu, daskararre ake kawo musu daga masana'anta da asuba su ɗumama kawai, kuma sana'ar ta yi girman da har kamfanin Babi na Shanghai ya shiga kasuwar hannun jari a 2020. Na masana'anta ba shi da wata illa, sau da yawa ma ya fi tsafta, amma fatarsa ta fi kauri, haɗinsa ya fi ƙanƙanta, kuma za ka gane shi da cewa kowane ɗaya kamar an buga shi da hatimi. Na hannu naɗinsa ba ya zama daidai da juna. Goubuli sun shahara da ninki 18 a kan kowane ɗaya, amma a ƙaramin shago babu mai ƙirga wannan, abin da ake duba shi ne kada wurin da aka tattare ya zama dunƙulen ɗanyen kwaɓi.

Saye kuwa ba ya buƙatar Sinanci mai yawa. Manya ana sayar da su ɗai-ɗai, galibi yuan biyu ko uku kowane, kuma biyu ko uku suna isar babban mutum karin kumallo. Ƙanana kuma da kwando ake sayar da su, ka ce "yi long", wato kwando ɗaya, a kawo maka shida zuwa goma gwargwadon shagon. Haruffan da za su yi maka amfani kaɗan ne: 牛 sa ne, 羊 rago, 鸡 kaza, 猪 kuma alade. Ka yi hattara da ƙirga da yatsu, domin Sinawa suna nuna shida zuwa goma da hannu ɗaya ta wata hanya tasu, kuma wanda ya ɗaga babban yatsa da manuni yana nufin biyu, a wurinsu takwas ya nema. Ka ɗaga manuni da na tsakiya, ko ka rubuta adadin a waya. Idan tafiya za ka yi da shi ka ce "da bao". Kusan kowa da waya yake biya, ta WeChat ko Alipay, kuma tun 2023 an sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin bankin ƙasashen waje da su. Tsabar kuɗi tana nan a matsayin halastaccen kuɗi kuma doka ta hana ƙin karɓarta, amma ƙaramin shago zai iya rasa canjin takardar yuan 100, don haka ka riƙe ƙananan takardu. Ba a ba da tukuici, idan ma ka bar kuɗi a tebur za a biyo ka da su.

Idan ka zauna, kada ka jira a zo a tambaye ka, kuma kada ka yi mamaki idan baƙo ya ja kujera ya zauna a teburinka ba tare da ya ce komai ba, haka ake yi. A kan tebur za ka ga baƙin ruwan khal, irin na Zhenjiang ko na Shanxi, da man barkono, a arewa kuma har da ɗanyar tafarnuwa da ake ɓarewa ana gatsa tare da baozin. Ka zuba khal a ƙaramin faranti ka ɗiga man barkono a kai, domin tsaminsa ne ke yanke maiƙon naman. Babba ana iya riƙe shi da hannu ko ta cikin leda babu wanda zai kalle ka, don haka rashin iya tsinkayen cin abinci ba zai hana ka komai ba. Idan ka yi amfani da su, kada ka kafa su a tsaye a cikin abinci, domin hakan yana kama da turaren da suke kunna wa mamata kuma ba sa son gani. Wasu, musamman masu zaƙi, suna da 'yar takarda manne a gindinsu, ka ɓare ta. Ana ci ne a tashi, domin kujerun kaɗan ne kuma akwai masu jira a tsaye.

Maganar kwali tana da asali, amma asalin nata ƙarya ce da aka shirya. A watan Yuli na 2007 wani gidan talabijin na Beijing ya nuna rahoton da ke cewa wani mai shago yana jiƙa kwali a sinadari yana gauraya shi da kitse yana cika baozi da shi, labarin ya zaga duniya cikin 'yan kwanaki. Bincike ya nuna cewa ɗan jaridar ne ya kawo kayan ya sa aka yi a gaban kyamararsa, kuma a watan Agusta na shekarar kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya. Labarin ƙaryar ya yi nisan da gyaran bai kai ba, shi ya sa har yau ake maimaita shi. Wannan ba yana nufin ba a taɓa samun ha'inci ba. A 2011 an kama wata masana'anta a Shanghai tana rina mantou da launin rawaya tana sayarwa a matsayin na masara, tana kuma sake niƙa waɗanda lokacinsu ya wuce, aka ɗaure masu ita. A 2014 kuma gwamnati ta hana sa alif, mai ɗauke da sinadarin alminiyam, a kwaɓin da ake turarawa, domin a da wasu suna amfani da shi don burodin ya yi saurin tashi. Gidajen abinci masu lasisi sukan manna takardar binciken tsafta a bango, da harafin A ko B ko C, ko hoton fuska mai murmushi, kuma yana da kyau ka ɗaga kai ka duba.

Haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne wanda ya huce ya daɗe a ajiye. Wanda aka sauke daga tururi yanzu ya dahu har cikinsa, amma haɗin nama da ya yi awanni a leda cikin zafi da gumin Guangzhou, musamman daga watan Mayu zuwa Satumba, yana iya ɓata maka ciki a ranar da kake da alƙawari da yawa. Ko lafiya ma aka ajiye gefe, kwaɓin da aka turara yana yin tauri da zarar ya huce, kuma ɗumama shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki ba tare da an yayyafa masa ruwa ba yana mayar da shi kamar roba. Saboda haka ka fita bayan sallar asuba ko kafin ƙarfe takwas, ka nufi shagon da ka ga mutanen unguwa suna layi, ka nuna kwandon da aka sauke a gabanka, ka zauna ka ci a nan. Idan kana so ka riƙe wani abu don rana a kasuwa, ka sayi mantou marar haɗi a shagon Musulmin, shi yana jure yini, ka haɗa shi da dafaffen ƙwai da shayi.